TAFKIN NINƘAYA A GIDA: WACE MATATA CE TA DACE DA ƘURAR POTISKUM?

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Potiskum ya san abin da ake kira zafi. Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, rana takan haura digiri 40, manya su koma gindin dogon yaro da mafici a hannu, yara kuwa hankalinsu ya koma ga ruwa duk inda yake. A unguwar Bolewa, kamar sauran tsofaffin unguwannin garin, da wuya a sami magidancin da bai taɓa tsawata wa ɗansa a kan zuwa kududdufi ba, balle idan damina ta sauka, ramukan da aka haƙi ƙasar gini suka cika suka batse. Tsawar kuwa tana da dalili, gama a irin wannan ruwa ne yara suke kwaso tsargiya, watau fitsarin jini, da ciwon ido da na kunne, a cikinsa ne kuma wani lokaci akan yi asarar rai.

Wannan ne yake sa mai hali ya fara tunanin gina tafkin ninƙaya a cikin gidansa, irin wanda ya gani a manyan otal-otal na Kano ko Abuja, don yara su yi wanka a gaban idonsa. Wanda ƙarfinsa bai kai nan ba yakan sayo na roba, wanda ake kafawa a tsakar gida. Tunani ne mai kyau, amma fa akwai wani abin da galibi ake mantawa da shi sai bayan an gama gini an zuba ruwa. Ruwan da yake tsaye wuri ɗaya, ana shiga ana fita, rana tana dukansa, iska tana zuba masa ƙura, ba ya yin mako guda sai ya yi duhu, sa'an nan ya yi gansakuka, daga nan kuma sauro ya same shi ya yi ƙwai. Maigida ya kashe kuɗi don ya raba 'ya'yansa da kududdufi, sai ga shi ya gina musu wani a tsakar gida.

Abin da yake raba tafki da kududdufi shi ne matata, da injin da yake tura mata ruwa, da kuma magani. A cikin ukun nan matata ce aka fi yin kuskure wajen zaɓenta, domin mai saye yakan tambayi wadda ta fi tsada ko wadda ta fi araha, alhali kuwa tambayar da ta kamata ita ce wadda za ta iya da ƙurar garin, da wutar garin, da ruwan da gidan yake iya samu.

DARASIN KURKUNU

Tace ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da ta Barno. Matan gida sun daɗe suna ɗaura ƙyalle a bakin randa kafin su juye ruwan rijiya, suna kuma jefa alam a cikin ruwa mai laka don ya kwanta. Dattawa kuma ba su manta da kurkunu ba. A binciken da aka yi a shekarun 1988 da 1989, an ƙidaya mutane fiye da 650,000 masu fama da wannan ciwo a Nijeriya. Ba allura ce ta kawar da shi ba, ba kuma ƙwayar magani ba ce. Babban makamin da aka yaƙe shi da shi wani ƙyallen nailan ne mai ƙananan idanu, wanda ma'aikatan lafiya suka bi ƙauye ƙauye suna rabawa, da taimakon Cibiyar Carter ta Amurka da Janar Yakubu Gowon, tare da haƙa rijiyoyi da wayar da kan jama'a. An ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya shaidar rabuwa da shi.

Dalilin da ya sa ƙyallen ya yi aiki shi ne an auna idanunsa daidai da abin da ake so a kama. Tsutsar kurkunu tana zaune ne a cikin wani ɗan ƙaramin ƙwaron ruwa, shi kuwa ƙwaron ya fi idon ƙyallen girma, don haka ba ya wucewa. Wannan ita ce ƙa'idar kowace matata. Ana auna ƙanƙantar abin da take kamawa da wani ma'auni da ake kira maikuron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum wajen maikuron 70 ne. Da wannan ma'auni ne ake bambanta matatun tafki, waɗanda iri uku ne a kasuwannin duniya.

IRI UKU

Ta farko ita ce matatar yashi. Wata tukunya ce mai kama da tulu, ta roba mai ƙarfi, cike da yashi na musamman. Inji yana turo ruwan tafki ta sama, ruwan ya ratsa yashi, dauɗa ta maƙale, ruwa mai kyau ya fita ta ƙasa ya koma tafki. Tana kama abin da ya kai maikuron 20 zuwa 40. Idan yashin ya toshe, sai a kashe inji, a murɗa hannun da yake saman tukunyar, a sake tayar da inji, ruwa ya biyo ta ƙasa zuwa sama ya kwashe dauɗar ya fita da ita waje. Minti biyu zuwa uku sun isa. Yashin yakan yi shekara uku zuwa biyar kafin a sake shi. Ita ce mafi tsufa a cikin ukun, kuma ita ce mafi haƙuri da mai ƙaramin sani.

Ta biyu ita ce matata mai ninki. Mutanen Potiskum ba sa bukatar dogon bayani a kanta, gama garin manyan motoci ne, kuma kowane bakanike da yaron mota ya san filtar iska ta tirela, mai takarda a nannaɗe ninki bisa ninki. To, kusan haka wannan take, sai dai da wani irin yadi mai jure ruwa aka yi ta. Tana kama abin da ya kai maikuron 10 zuwa 20, watau ta fi yashi tacewa. Ba a juya mata ruwa. Idan ta toshe sai a buɗe, a zaro ta, a wanke da tiyo ninki bayan ninki, a mayar. Ba ta ɓarnar ruwa, ba ta kuma wahalar da inji, amma bayan 'yan shekaru ninkin yakan mutu, dole a sayi sabuwa daidai da lambarta.

Ta uku ita ce matatar farar ƙasa. A cikin tukunyarta akwai faifai masu rufin yadi, waɗanda ake lulluɓewa da wani farin gari mai laushi da ake kira dayatomait. Ita ce sarauniyar tacewa, domin tana kama abin da bai wuce maikuron 2 zuwa 5 ba, har ruwa ya riƙa ƙyalli kamar gilashi. Amma ita ce mafi tsada da yawan hidima. Duk lokacin da aka wanke ta, garin yana bin ruwa ya tafi, sai an zuba sabo, kuma shaƙar garin yana cutar da huhu, don haka sai an rufe hanci kafin a taɓa shi.

ƘURAR HUNTURU DA ƘASAR BULARAFA

A nan akwai wani abin mamaki da ya shafi Jihar Yobe kai tsaye. Wannan farin gari ba kome ba ne illa ɓawon waɗansu ƙananan halittu na ruwa, waɗanda ido ba ya gani, da suka mutu suka kwanta a ƙarƙashin tafkuna shekaru dubbai da suka wuce. Akwai irin wannan ƙasa a Bularafa, cikin Ƙaramar Hukumar Gulani, kuma masu ilmin ma'adinai sun daɗe da saninta. Har ila yau akwai ta shimfiɗe a wani kwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Cadi, wanda a zamanin da yake ƙarƙashin Tafkin Cadi, lokacin da tafkin ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. Wannan kwari yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, daga can ne kuma iskar hunturu take kwaso kaso mai yawa na hazon da yake rufe Arewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Watau farar ƙurar da take ɓata ruwan tafki a Bolewa 'yar'uwa ce ga garin da ake sayowa daga ƙasashen waje don tace shi.

Sai dai kada wannan ya sa wani ya ɗebo ƙasar Bularafa ya zuba a matatarsa. Garin da ake amfani da shi sai an wanke, an gasa, an tankaɗe a masana'anta, ɗanyar ƙasa kuwa toshe matata za ta yi.

Abin lura shi ne ƙurar hunturu tana da laushi ƙwarai, da yawa daga cikinta ba ta kai maikuron 20 ba. Saboda haka takan ratsa yashi ta koma tafki, ruwa ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa nono. Wanda ya ga haka sai ya ce ashe matata mai ninki ko ta farar ƙasa ce ta dace da Potiskum. Amma wannan lissafi bai cika ba. Matatar da ta fi kama ƙura ita ce ta fi saurin toshewa, kuma a ranakun da hazo ya yi kauri, mai matata mai ninki zai iske kansa yana buɗewa yana wankewa ba hutu, mai ta farar ƙasa kuwa yana ta zuba garin da ba a sayar da shi a kasuwar garin.

Maganin wannan yana cikin randa tun tuni. Alam ɗin nan da mata suke jefawa a ruwa mai laka aikinsa shi ne ya tattara ƙananan ƙura su dunƙule su yi nauyi. Idan aka sa ɗan kaɗan bisa ƙa'ida a tafki mai matatar yashi, ƙurar da a da take wucewa sai ta dunƙule yashi ya kama ta, ko ta kwanta a ƙasa a zuƙe ta a fitar. Amma fa da yashi kaɗai ake wannan dabara, gama alam yana liƙe matata mai ninki da ta farar ƙasa ya lalata su. Bugu da ƙari, tamfol ɗin da za a rufe tafki da shi idan ba a wanka yana rage wa kowace matata aiki ƙwarai, domin yana tare ƙura da ganyen dogon yaro tun ba su taɓa ruwa ba.

LISSAFIN GIRMA

Bayan iri sai girma, kuma a nan ne araha ba ta ado. Ƙa'ida ita ce dukan ruwan tafki ya bi ta cikin matata sau ɗaya a cikin awa 6 zuwa 8. A ɗauka wani maigida a Bolewa ya gina tafki mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi. Idan aka buga waɗannan da juna za a sami lita 48,000, watau jarka 1,920 mai cin lita 25. Don wannan ruwa ya zagaya cikin awa 6, ana bukatar injin da yake tura lita 8,000 a awa guda, da matatar da za ta karɓi wannan ruwa ba tare da ta ƙware ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi babban inji a haɗa shi da ƙaramar matata, a kan zaton ƙarfin inji shi ne tsabta. Ruwan da aka tura da ƙarfin tsiya yakan huda hanya a cikin yashi ya wuce da dauɗarsa, kamar yadda gari yake tsallake rariya idan mai tankaɗe ta yi gaggawa. Gwargwadon yadda ruwa ya ratsa a hankali, gwargwadon yadda yake fita garai-garai. Ga tafki irin na misalin nan, tukunyar yashi mai faɗin santimita 60, wadda take cin yashi wajen kilo 125 zuwa 150, ita ce daidai, idan kuma da hali a ƙara girma babu laifi. A ƙasa mai ƙura gara matata ta fi ƙarfin inji da inji ya fi ƙarfin matata.

Yashin ma ba kowane ba ne. Yashin gini ko na rafi yana da laka, ƙwayoyinsa kuma ba su daidaita ba, sai ya dunƙule ko ya bi ruwa ya zube cikin tafki. Wanda ake so shi ne wankakken yashi mai kaifi, wanda girman ƙwayarsa yake tsakanin milimita 0.4 da 0.8.

WUTA DA RUWA

Matata ba ta aiki sai inji yana juyawa, inji kuwa sai da wuta. Inji mai ƙarfin doki ɗaya yana cin wajen wat 750, idan ya yi awa 8 ya sha yunit 6 ke nan kowace rana, rani da damina, ko an yi wanka ko ba a yi ba. Gidan da ba shi da tabbacin wutar awa 6 zuwa 8 a kullum, tilas ne ya sa kuɗin janareta ko na sola a cikin lissafi tun kafin a haƙa rami. Sola ta dace da wannan aiki, domin da rana ne gansakuka take yaɗuwa, da rana ne kuma aka fi bukatar ruwa ya riƙa zagayawa.

Sai kuma ruwa, wanda a garin da 'yan garuwa suke tura kura unguwa unguwa ba abin wasa ba ne. Duk wankin matatar yashi na minti uku da inji irin na misalin nan yana fitar da lita 400, watau jarka 16. A nan ne matata mai ninki ta yi mata fintinkau, domin abin da take ci wajen wanki bai taka kara ya karya ba. Amma a tuna cewa rana ta fi kowace matata shan ruwa. Idan tafki mai mita 8 da mita 4 ya ragu da santimita ɗaya tak, lita 320 ta tafi, kuma a bazara ba a daɗewa ake ganin wannan ragi. Nan ma tamfol ne magani. Ruwan wankin matata kuwa bai kamata a sake shi a lungu ya dami maƙwabta ya tara sauro ba. A tara shi a wani rami ko tanki ya kwana biyu ƙarfin magani ya fita, sa'an nan a ba itatuwa.

Yana da kyau kuma a gwada ruwan da za a cika tafkin da shi. Ruwan waɗansu rijiyoyin burtsatse yana da sinadarin ƙarfe, yakan fito fari tas amma da an sa masa magani sai ya koma ja kamar tsatsa. A cika farin bokiti, a sa ɗan kulorin, a bar shi ya kwana. Idan ya sake launi, to matatar yashi ce za ta fi jure wannan ruwa, gama tsatsa tana cinye matata mai ninki da wuri.

ABIN DA MATATA BA TA IYAWA

A shekarar 1892 kwalara ta kashe mutane fiye da 8,000 a birnin Hambug na Jamus, amma maƙwabcinsa Altona, wanda yake shan kogi ɗaya da shi, bai yi asara irin wannan ba, saboda yana tace ruwansa da yashi. Wannan labari ya sa mutane da yawa suna zaton yashi yana kashe ƙwayoyin cuta. To, matatar Altona irin mai aiki a hankali ce ƙwarai, wadda wata rayayyar fata take tohowa a saman yashinta tana cinye ƙwayoyin. Matatar tafki kuwa mai sauri ce, ba ta da wannan fata, kuma yawancin ƙwayoyin cuta ba su wuce maikuron 1 zuwa 2 ba. Saboda haka ruwa yana iya zama garai-garai alhali yana ɗauke da gudawa.

Aikin kashe ƙwayoyi na kulorin ne. Ana so a riƙa samun miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH kuma ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8, gama idan ya haura haka kulorin yakan yi sanyi. Akwai 'yan takardun gwaji da ake tsomawa a ruwa su sake launi, wanda duk zai riƙe tafki kada ya rabu da su. Matata da kulorin kamar hannu biyu ne, dauɗar da matata ta bari tana cinye kulorin, abin da kulorin ya kashe kuma matata ce take kwashewa. Duk da haka akwai wata ƙwayar gudawa mai taurin kai da take yin fiye da mako guda a cikin ruwa mai kulorin ba ta mutu ba. Shi ya sa yaron da yake gudawa ba a barinsa ya shiga, kowa kuma sai ya yi wanka da sabulu kafin ya faɗa.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi injin kansa. Ramin da yake zuƙar ruwa a ƙasan tafki yana iya riƙe gashi ko jikin yaro har ya kasa tasowa. A 2002 wata yarinya 'yar shekara 7, jikar tsohon Sakataren Harkokin Wajen Amurka James Baker, ta rasu ta wannan hanya, abin da ya sa ƙasar ta kafa doka a 2007 a kan irin murfin da za a riƙa sa wa waɗannan ramuka. Maigida ya tabbata an yi ramuka biyu nesa da juna, kowanne da murfi mai tudu a ɗaure da kusoshi. Haka kuma kada a buɗe tukunyar matata sai an kashe inji an saki iskar da take ciki, domin murfin yana iya tashi da ƙarfi ya ji wa mutum ciwo. A kewaye tafkin da shinge mai ƙofa da kwaɗo, kada kuma a bar yara su kaɗai ko da sun iya ruwa.

KAFIN A BIYA KUƊI

Idan aka haɗa waɗannan duka, ga yawancin gidaje a Potiskum da garuruwa masu irin yanayinta, kamar Damaturu da Azare da Gashuwa, matatar yashi mai ɗan girma fiye da bukata, tare da tamfol da ɗan alam a lokacin hazo, ita ce za ta fi daɗewa tana aiki, kuma kowane mai gyaran famfo zai iya koyon hidimarta. Matata mai ninki ta dace da ƙaramin tafki na roba, ko gidan da yake sayen ruwa, muddin an sayi biyu tun farko, ɗaya tana aiki ɗaya tana shanye, an kuma tabbata za a sami irin lambarta a Kano ko Legas nan gaba. Ta farar ƙasa kuwa sai wanda ya san inda zai riƙa samun garin, yake kuma da ma'aikacin da ya ƙware.

Kowace aka zaɓa, a tambayi mai sayarwa lita nawa take ɗauka a awa, a gwada da lissafin tafkin, a kuma tabbata tana da agogon matsi. Ranar da aka kafa ta a yi alama da fenti inda allurar agogon ta tsaya. Duk ranar da allura ta haura wannan alama da layi 8 zuwa 10 a ma'aunin PSI, lokacin wanki ya yi. A ɗora wa mutum ɗaya a gidan nauyin duba wannan agogo da gwajin kulorin kowace safiya.

Maigidan da ya yi wannan lissafi ya ga wuta ko ruwa ko mai kula ba za su samu ba, ba abin kunya ba ne ya fasa. Babban baho da za a cika da safe, yara su yi wasa a gaban uwarsu, da yamma a juye wa itatuwa, ya fi masa alheri a kan tafkin da zai koma kududdufi kafin hunturu ya wuce. Allah ya kare yara, ya kuma ba iyaye ikon lura.